Kyan shafi ko sauƙin amfani, wanne ke riƙe mai saye?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki zuba kuɗi wajen ƙawata shafin sayar da atamfofinki na intanet, ko ki fi kula da sauƙin amfani da shi.

Kyau na aiki, kada wani ya ruɗe ki. A 2006 masu bincike a Jami'ar Carleton ta Kanada sun gano cewa mutum kan yanke hukunci kan kyan shafi cikin milisakan 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na sakan, tun bai karanta ko kalma ɗaya ba.

Amma kyan nan ba ya hana mutum gajiya. Mai sayenki Itel ko Tecno ke hannunta, data na zurarewa, hoton atamfa ya buɗe rabi ya tsaya cak. Google ya bayyana a 2016 cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya na ficewa idan shafi ya wuce sakan 3 bai buɗe ba. Wannan asarar ce ta fi damuna.

Ki rage nauyin hotunan, ki sa farashi ƙarƙashin kowane turmi, maɓallin WhatsApp kuma ya yi girman da babban yatsa zai same shi ba lalube. Ki gwada a tsohuwar waya kafin ki cika wa mai haɗa shafin kuɗinsa.