Likita Ya Amsa: Gwanin Iyo A Binuwai Zai Iya Hawan Igiyar Teku?

Tambaya: Likita, ni ɗan Garwa ne, tun ina yaro nake iyo a Binuwai. Aiki zai kai ni Limbe, kuma ina sha'awar wasan hawan igiyar ruwa a kan dogon allo. Da abin tsoro?

Amsa: Akwai, ɗana, kuma ku gwanayen kogi kun fi tayar mini da hankali. Kogi ka san inda ya dosa. A teku kuwa, ruwan da igiya ta turo gaɓa yakan koma ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, kuma wurin kan yi luf kamar ya fi ko'ina lafiya, shi ke ruɗin baƙo. In ruwan ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Ka riƙe allonka, ka tuƙa ta gefe, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga hanyar, sannan ka nufi tudu.

Shi allon, tsawonsa kan kai mita 2.7 ko fiye. Hakan ya sa ɗan koyo ya fi saurin tsayuwa a kansa, amma yana da nauyi, kuma sau da yawa allon mutum ne ke fasa masa goshi. In ka faɗi, ka rufe kai da hannu biyu kafin ka ɗago. Ka fara da allo mai laushi na 'yan koyo, tare da wanda ya san wurin, don gaɓar Limbe akwai duwatsu. Af, tsargiya ba a ɗaukarta a ruwan gishiri, amma wanda ya tashi a Binuwai ya kamata ya auna fitsari.

Tambaya: Na dawo Njamena daga Dakar, inda na gwada wasan a Ngor. Kunnena na ƙaiƙayi da zafi, ga wasu baƙaƙen ƙayoyi a tafin ƙafa.

Amsa: Malam, ruwa ne ya kwana a kunnen har fatar ta kumbura. Ka ajiye gashin kaza da tsinken auduga, su ke ƙara ɓata lamarin. A duba dodon kunnen tukuna kafin a ɗiga magani. Ƙayoyin kuma na bushiyar teku ne, tana da yawa a duwatsun can. Da ka jiƙa ƙafar nan take a ruwan zafi gwargwadon juriyarka, na minti 30 zuwa 90, da raɗaɗin ya sauka. Yanzu kada ka tona da allura, suna kakkaryewa. Je asibiti a cire, a duba rigakafin tetanus (ciwon sarƙewar haƙora), musamman in wurin ya yi ja ko ruwa.

Tambaya: Ɗana ɗalibi ne a Duwala, yana da farfaɗiya. Abokansa za su Kribi hawan allo. In bar shi? Daga wata uwa a Marwa.

Amsa: Hajiya, ni dai ban goyi baya ba. Faɗuwa a cikin ruwa ba ta ba da lokacin ihu, kuma gajiya da rashin barcin tafiya na tayar da ciwon. Ya je ya sha iska a gaɓa, ya tafi da maganinsa a jaka, abokan kuma su san halin da yake ciki. In ya daɗe ciwon bai tashi ba, likitan da ke duba shi ne zai yanke hukunci.