Ɗaukar tire a bikin mutanen Kashmir

Ɗana, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini bayan isha'i, don idon nan ya daina shiri da ƙananan rubutun waya. Da ta kai inda ka ce abokin karatunka ya gayyace ka bikin yayarsa a Sirinaga, babban birnin Kashmir, amma ya ce ka zo da wuri za ka shiga cikin masu ɗaukar tire da zuba wa baƙi ruwan wanke hannu, dariya ta kama ni har da tari. Wai ko raini ne a sa baƙon da ya zo daga wata ƙasa aikin yaran otal, kuma in ka je nawa ya kamata ka miƙa wa samarin da ke hidima. Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi. Jikan Baba ne yau yake tambaya ko hidimar biki wulaƙanci ce.

Ka san a Aligar ta ƙasar Indiya na yi karatu, farkon shekarun 1980, lokacin da naira ke da kwarjini har ɗalibi ya sayi keke ya kuma aika wa uwarsa turare. 'Yan Kashmir suna da yawa a jami'ar, ɗaya daga cikinsu ɗakinmu ɗaya. Shi ya ja ni bikin ƙanwarsa da kaka, don a can lokacin aure ke nan, kafin sanyi ya rufe hanya. Jirgin ƙasa ya sauke mu a Jammu, muka hau bas muka yi ta hawan dutse kusan kilomita 300, ni ina ta salati a kowace kwana. Da muka fito daga ramin Banihal, hanyar da aka huda ta cikin dutse, sai ga kwari shimfiɗe, shinkafa ta nuna ta yi ruwan ɗorawa.

Gidansu yana tsohon gari, ba nisa da babban masallacin Juma'a, lunguna matsattsu, gidajen katako da bulo masu hawa uku. Ban kwana a gidan ba. Wani maƙwabci mai ɗinkin mayafi ya ɗauki jakata ba tare da ya tambayi kowa ba, ya kai ni ɗakin 'ya'yansa, su kuma aka tura su gidan kakarsu. Daga baya na gane duk layin haka aka yi: wannan gida na baƙi maza, wancan na mata, tsakar gidan wane nan za a kafa murhu. Matan unguwa sun riga sun zauna suna tsince shinkafa buhu-buhu, wasu na ɓare tafarnuwa da ƙananan albasarsu, suna rera waƙar aurensu da ake kira wanwun, sahu biyu, waɗannan su ɗauka waɗancan su amsa. Da daren lalle aka kawo 'yar gangar yumɓu mai dogon wuya, har asuba ba wanda ya runtsa.

A duk wannan taron, waɗanda na san an biya su ne masu dafuwa, waza, da shugabansu. Sana'arsu ce ta gado, kuma ba wanda yake taɓa musu tukunya. Sun jera manyan tukwanen tagulla a kan dogon murhun itace, wasu sun zauna suna dukan naman rago a kan dutse da guduma ta katako har ya yi laushi ya zama curi. Kwana suka yi suna wannan dukan. Mu samari aikinmu kawo itace, jan ruwa, kai musu shayi, shimfiɗa darduma a rumfa. Wani kawun amarya kuwa ya kafa kujera kusa da naman da ɗan littafinsa, bai tashi ba sai don salla. Na tambayi abokina ko ba a yarda da masu dafuwar ba ne, ya ce an yarda, amma naman da mutum ɗari-ɗari za su ci ba a barin shi ba mai ido.

Ranar walima aka shimfiɗa farin ƙyalle dogo, mutane suka zauna huɗu-huɗu. Akwai wani dattijon unguwa, ba dangin amarya ba ne, shi ke zaunar da mutane. Ya san wanda suka yi rigimar gado da wane, ya san surukin da in ba a sa shi gaba ba za a shekara ana jin maganar. Shi ya miƙo mini butar tagulla, ya haɗa ni da wani yaro mai riƙe da tasa, muka bi sahu muna wanke wa mutane hannu. Wani tsoho mai farin gemu ya ɗaga kai ya dube ni, ya tambayi daga ina. Na ce Najeriya. Ya riƙe hannuna da jiƙaƙƙen hannunsa ya yi ta addu'a, sahu duka suna amin, yaron tasa yana zungurina mu wuce.

Sai tirukan. Tarami suke ce masa, na tagulla ne da murfinsa, an tula shinkafa an gitta tsire huɗu a kai, ga soyayyen haƙarƙari, ga kaza. Mutum huɗu ke cin ɗaya. Nauyinsa ba wasa ba. Muka yi layi tun daga murhu har cikin rumfa, hannu zuwa hannu, ba mai magana sai “karɓi, karɓi”. Bayan nan masu dafuwar su shigo da tukunya da ludayi, kala bayan kala, mu muna biye da kindirmo da yaji da ruwa. Ana cewa cikakken wazwan, wato irin wannan walimar tasu, yana kai kala 36. Ni dai lissafi ya ɓace mini tun kafin a kawo gushtaba, curin nama cikin miyar kindirmo, wanda in ka gan shi ka san an gama.

A tsakiyar wannan ne wani ɗan kasuwa da ya zo daga Bambai, da niyyar alheri, ya zaro takardar kuɗi ya cusa wa yaron tasa a aljihu. Yaron nan ɗan mai shagon darduma mafi girma a layin ne, yana karatun likita. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ajiye tasar, ya mayar da kuɗin kan gwiwar mutumin, ya ce bikin 'yar'uwarsa ne. Ba su haɗa ko kaka ba, katanga kawai suka haɗa.

Mu ne muka ci a ƙarshe, dare ya raba, bayan 'yan rakiyar ango sun tafi da amarya. Uban amarya ya zo idonsa jawur, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana sumbatar goshinmu, ni ma bai tsallake ni ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce wanda aka shimfiɗa wa tabarma baƙo ne, wanda aka miƙa wa tsintsiya shi ne ɗan gida. Inna kuma in ta ga ana ƙyuya da bikin maƙwabta sai ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gudunmawa bashi ce, ranar naka za ka ga wanda ka ranta wa. Tambayi mahaifiyarka waye ya yi surfe da daka a bikinta, tukwanen wa aka ara, waye ya kwana yana faskare. Ko sisi Baba bai biya ba. Amma ya shekara talatin yana biya da ƙafarsa da bayansa a bukukuwa da jana'izar unguwar.

Yanzu fa? A kama zauren taro, a buga kati, a tsayar da ƙato a ƙofa ya hana maƙwabcin da ya yi maka kiran salla a kunne shiga. A ba ka shinkafa a roba ka tafi da ita gida kamar mai karɓar sadaka. Wai ci gaba. Bikin ɗiyar yayanka na bara, na zauna awa guda ban ga fuskar da na sani tana raba abinci ba.

Kada ka ɗauka can ma abin bai taɓu ba. Tun da rikici ya ɓarke a 1989 dokar hana fita ta mayar da bukukuwa da yawa na rana, kuma a birni yanzu akwai kamfanonin da ke kawo yara masu kaya iri ɗaya su yi hidimar. Almubazzaranci kuwa dama suna da nasu, ni ma naman da na ga ya rage a ranar nan ya dame ni. Ya kai a 2017 gwamnatin jihar ta ƙayyade baƙi 500 a bikin 'ya mace, 400 a na ɗa namiji, ta kuma rage yawan kalolin abinci. Ni a ganina doka ba ta iya wannan aikin. Da, in ka cika buri, kafaɗun 'ya'yan maƙwabtanka ne za su ɗauka, kunya ta taka maka birki. Mai biyan kamfani ba ya jin kunyar kowa. Don haka in gidan abokinka har yau suna kiran samari su ɗauki tire, mutanen kirki ka samu.

Maganar abin da za ka bayar, wannan ka tambayi abokin naka a keɓe yadda danginsu ke yi wa amarya, ka yi daidai ƙarfinka na ɗalibi, kada ka ci bashi don a ce ɗan Najeriya ya yi bajinta. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, dare a can ba irin na inda kake ba ne. Kuma ka kira mahaifiyarka kafin ka shiga Jammu, domin layin waya na kati da aka saya a wata jiha ba ya aiki a can, in ta neme ka ta rasa ni za ta hana barci.