Bajamushen da ya yi arziki da fatu a sabuwar Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai Bajamushen da ya je Amurka jim kaɗan bayan ta sami 'yanci, ya yi arziki da fatauci. Akwai mana, John Jacob Astor.

Ɗan mahauci ne, an haife shi a garin Walldorf na ƙasar Jamus a 1763. Ya fara zama Landan wajen yayansa mai sana'ar kayan kiɗa, sannan ya tsallaka teku, ya sauka Baltimore a 1784 da 'yan sarewa na sayarwa. Daga nan sai New York.

Fatun namun dawa ne suka ɗaga shi. Yakan saye su a hannun 'yan asalin ƙasar da 'yan kasuwar Montreal ta Kanada, ya kai Landan inda ake hulunan alfarma da gashinsu. Da jari ya yi ƙarfi, jiragensa suka riƙa kai fatu Canton ta ƙasar Sin, su dawo da shayi da siliki. A 1808 ya kafa American Fur Company. Sansanin cinikin fatu na Astoria da mutanensa suka kafa a gaɓar yammacin Amurka a 1811 kam asara aka yi, yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya ya ci shi.

Kada fa mu wanke shi tas. Ya yi fasa-ƙwaurin ƙwayar ofiyom zuwa Sin, kuma kamfaninsa ya yi ta ba da barasa yana karɓar fatu.

A ganina wayonsa na gaske filaye ne. Tun Manhattan ta New York tana gonaki yake sayensu, ya ba da haya, gari ya zo ya same shi. Ya bar harkar fatu a 1834, ya rasu a 1848 da kimanin dala miliyan 20.