Amsa ga mai tambaya kan fashi da bindigar roba

Ɗan'uwa, Allah ya kawo muku mafita. Ka ce an kama ƙanenka da abokinsa sun tare wani sun ƙwace masa waya da kuɗi, abin da suka nuna masa kuma bindigar roba ce ta wasan yara, kana tambaya ko hukuncin ɗan fashi da makami zai hau kansa. Na daɗe ina aikin lauya a Babbar Kotu, irin wannan ta sha zuwa hannuna.

Dokar da aka fi gurfanar da su a kanta ita ce dokar fashi da makamai ta tarayya, wadda sojoji suka kafa a 1984. Ta raba laifin gida biyu. Fashi zalla, ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba. Fashi da bindiga ko wani makami, kisa. Bindigar roba ba ta cikin abin da dokar ta lissafa a matsayin bindiga, kuma a shari'ar Nwachukwu ta 1986 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin fashi zalla a kan wanda ya yi amfani da bindigar wasa. Wannan shi ne abin da lauyanku zai riƙe.

Amma kada a yi saurin murna. Shekara 21 ita ce mafi ƙaranci, alƙali ba shi da ikon saukowa ƙasa da ita ko da ya tausaya. Sannan akwai ƙofofi biyu da kisa ke dawowa ta cikinsu, kuma nan ne iyalai ba sa lura. In abokin nasa yana riƙe da wuƙa, adda, gora, ko ma guntun ƙarfe, dokar ta haɗa su duka, domin ta ce wanda ke tare da mai makami hukuncinsu ɗaya. Haka in sun ji wa mutumin rauni ko sun doke shi, an daina maganar roba ce ko ta gaske. Na taɓa tsaya wa wani yaro da ya ƙwala wa mai shago gindin bindigar a goshi, jini ya fita. Duk hujjarmu ta roba ta tashi a banza.

Har a waje ba a sassauta wa wannan. A Ingila dokar bindigogi ta 1968 ta mai da ɗaukar abin da ya yi kama da bindiga da niyyar aikata laifi wani laifi mai zaman kansa. Sai da aka kai kotun ƙolinsu ta lokacin a 2005 kan wani Bentham da ya cusa hannu cikin riga ya miƙe yatsu kamar bindiga, aka ce yatsun mutum ba abin da ya mallaka ba ne, don haka wannan laifin bai hau kansa ba. Laifin fashin kuwa yana nan a wuyansa. Ni a ganina waɗanda suka yi wannan doka ta Ingila suna da hujja: wanda aka nuna wa abu cikin duhu bai san roba ba ce, tsoron da ya ji na gaske ne.

Abin yi yanzu, ku nemi lauya ya duba takardar tuhuma da bayanin da yaran suka sa wa hannu a ofishin 'yan sanda. Sau da yawa "bindiga" kawai ake rubutawa. Ya tabbatar an shigar da bindigar robar cikin kayan shaida an kawo ta gaban alƙali, don in ta ɓace, maganar wanda aka yi wa fashin ce za ta tsaya. Kuma shekarun ƙanen naka nawa? In bai kai 18 ba, ku nemo takardar haihuwarsa tun yau, lissafin zai canza.