Amsa ga ƙanenmu mai son shigo da bota Tahoua

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, inda ka ce ka haɗa ɗan jari kana so ka fara shigo da botar margarin, ta gwangwani da ta bokiti, ka riƙa ba ƴan tireda da gidajen burodi a nan Tahoua, kana neman sanin takardun da ake buƙata da irin wadda kasuwa ke karɓa. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don ni ma haka na tambaya a lokacina, ban samu wanda ya zaunar da ni ba.

Takardun farko ka san su, RCCM, wato rajistar kasuwanci, da NIF, wato lambar mai biyan haraji. Ka yi su da sunanka. Kada ka yarda ka shigo da kaya a ƙarƙashin sunan wani don gudun wahalar ofis, ranar da rigima ta tashi takarda za a bi, kai kuma ba ka cikinta. Sai faktir ta gaskiya, da takardar asalin kaya, da takardar lafiyar kaya daga ƙasar da aka yi botar, da sakamakon gwajin da kamfanin ya yi wa wannan rukunin da aka loda maka. A kundin duwan margarin tana ƙarƙashin lamba 1517, kuma bayan kuɗin fito akwai harajin kaya da ake kira TVA, kashi 19 cikin 100. Ka sa tiranziter ɗinka, wato mai fitar maka da kaya a duwan, ya rubuta maka lissafin duka a takarda kafin kaya su taso, kada ka karɓi "kar ka damu Alhaji, za mu daidaita".

Amma ni ba takardun duwan suka karya ni ba. Mutum ne.

Wani dillali ne, ba zan kama sunansa ba, Allah ya san shi. Mun ci tuwo a kwano ɗaya a zaurena, mun yi sallah sahu ɗaya, yarana suna ce masa kawu. Ya ce akwai bota a Lome mai araha, katan 400, mai ita yana neman kuɗi da gaggawa. Ya turo mini hoton gwangwani ɗaya tsaf, da sauran fiye da shekara kafin ta lalace. Na sayar da shanu biyu, na karɓi adashin maiɗakina na cika, na tura. Kun san a lokacin, bayan an rufe gadar Gaya a watan Yulin 2023, hanyar Kwatano ta mutu mana, sai ta Lome a ratso Burkina, mota ta tsaya jiran ayari da rakiyar soja. Makonni kayana suna cikin mota a rana. Ba su iso ba sai cikin Afrilu, kuma ba sai na gaya wa ɗan Ader yadda Afrilu take ba.

Ranar da aka sauke, katan na farko da yaro ya ɗaga gindinsa ya ɓalle, mai ya jiƙa kwalin sharkaf. Na buɗe gwangwani ɗaya, mai ya taso sama rawaya, ruwa ya kwanta ƙasa, ga wani wari kamar na tsohon man gyaɗa. Na juya gindin gwangwanin sai na ga ƴar takarda an manna a wurin kwanan wata. Na sa farce na ɓanɓare. A ƙarƙashi ainihin kwanan yana nan da baƙin tawada, ya wuce da wata biyu. Na buɗe na biyu, haka. Na goma, haka. Na zauna a kan katan, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, har aka kira la'asar ban motsa ba. Na kira shi sau nawa, waya tana shiga ba ya ɗauka, washegari layin ya mutu. Abin da har yau ke ci mini rai ba kuɗin ba ne kaɗai. Ya san botar nan bakin yara za ta shiga, a shafa a burodi su tafi lakwal da safe, kuma ya iya kallon idona ya ce "amana ce tsakaninmu".

Jami'an tsabta suka zo, kuma aikinsu suka yi, ban ga laifinsu ba. Aka kwashe kayan aka ƙone a bayan gari ina tsaye. Da na koma gida maiɗakina ba ta ce mini uffan ba, ruwa kawai ta kawo mini.

Saboda haka ƙanena, don Allah, kwanan wata ya zama bugun inji ne a jikin gwangwani ko bokitin. Ka ga manne, ka gudu. Lambar rukuni da ke jikin kaya ta zo daidai da ta takardar gwaji, in sun saɓa takardar ba ta kayanka ba ce. Kwalin ya nuna sunan kamfani da adireshinsa, ƙasar da aka yi, nauyi, da abin da aka haɗa a ciki, kuma ka nemi mai rubutun Faransanci don kada a tsayar da kai. In kana shakka, ka kai samfuri LANSPEX, ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa da ke Yamai, a gwada. Batun ƙa'idar inganci kuma ka leƙa ANMC, hukumar ƙa'idojin ingancin kaya ta Nijar, ka tambaya da bakinka. Ka tura ɗan'uwanka na jini ya tsaya a kan lodi, ya buɗe katan na tsakiya, ba na bakin ƙofa ba.

Ka kuma duba yawan mai. A ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex, sai mai ya kai kashi 80 cikin 100 ake ce mata margarin. Wadda ba ta kai ba ruwa ya yi mata yawa, ta shafawa ce, kuma mai gidan burodi zai gane tun kwaɓin farko ya maido maka. Akwai kuma kitsen nan da ake kira tarans mai toshe jijiyoyin zuciya, hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Ka tambayi kamfani a kansa. In ta Ƙonni za ka shigo da ta Najeriya, ka duba lambar NAFDAC, hukumar abinci da magunguna ta can, amma ka sani lambar ba ta ɗauke maka duwan ɗinmu ba, kuma masu jabu ma sun iya buga ta.

Kasuwa kuwa, masu shayi da ƴan tireda ƙananan leda da ƙaramin gwangwani suke so, gidajen burodi da mata masu cincin da kek bokiti suke ɗauka. Lokacin sanyi da gab da sallah ta fi tafiya. Kada ka jibge kaya da bazara, kuma magazarka kada ta zama mai rufin kwano tsirara, ka ɗora katan a kan katako nesa da bango. Bashi ma ka yi hattara, ni bayan asarar nan waɗanda nake bi kuɗi su ma suka daina bi ta ƙofar shagona.

Ka fara da katan 30 ko 50 daga hannun babban ɗan kasuwa a Yamai wanda ya riga ya yi fito, ka karɓi kofen takardunsa, ka ga yadda za su fita. In an turo maka hoton kaya, ka sa shi a nan kafin ka biya ko dala, ka ce su ɗauko gindin gwangwanin da gefen katan. Zan duba maka in sha Allah.