Ruwa mai wari da ƙaiƙayi: in ƙara sayen Ampiclox a kyamis?

'Yar'uwa, kin ce fitar ruwa mai wari daga gabanki da ƙaiƙayi na damunki, kin sha Ampiclox sau biyu bai daina ba, kina tambaya ko ki ƙara. Kada ki ƙara.

Abin da muke haɗawa mu kira ciwon sanyi ba cuta ɗaya ba ce. In ruwan fari ne mai kauri kamar kindirmo, ga ƙaiƙayi sosai, yawanci naman gwari ne, kuma maganin kashe ƙwayoyin bakteriya irin su Ampiclox ƙara masa ƙarfi yake yi, domin yana kashe ƙwayoyin kirki da ke tsare gurin. In kuwa ruwan tsinkakke ne mai ƙarnin kifi, yawanci bakteriya ce, likita kan ba da metronidazole, wato Flagyl, sau biyu a rana har kwana 7. Ampiclox ba ya taɓa ta. Zafin fitsari kuma maganinsa daban.

Ki je asibiti a ɗebi ruwan da fitsari a gwada. Ki faɗa wa likita in kina da ciki ko kina shayarwa, don mai ciki ba ta shan wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kamar doxycycline. Ki shanye maganin da likita ya ba ki duka ko kin ji sauƙi a kwana na uku, yankewar nan ce ke sa cuta ta dawo ta ƙi jin magani. In gwaji ya nuna wadda ake ɗauka ta saduwa ce, maigida da abokiyar zamanki sai an yi musu magani tare da ke. Matsi da tsarki da sabulu mai ƙamshi ki dakatar, ruwa zalla ya isa.

Zazzaɓi ko ciwon mara mai tsanani kuwa, ki tafi asibiti yau.