Filin Tambaya da Amsa: Ma'anar Sunan Rodrigo Hernández da Asalinsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A gidan kallon ƙwallo na unguwarmu gardama ta kaure a kan sunan Rodri, ɗan wasan Sifaniya da ya lashe kyautar Ballon d'Or a 2024. Wani ya ce Rodríguez ne sunansa aka gajarta, wani kuma ya ce Cascante ne sunan mahaifinsa, tunda shi ne na ƙarshe a cikin Rodrigo Hernández Cascante. Don Allah a warware mana, a kuma gaya mana ma'anar waɗannan sunaye da inda suka samo asali. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, kuma na gode da wannan tambaya. Abokan naka biyu duk ba su dace ba, amma kowannensu yana da dalilin da ya kai shi ga abin da ya faɗa. Sunan yankan wannan ɗan wasa, wanda aka haifa a Madrid a 1996, shi ne Rodrigo, kuma Rodri gajartawarsa ce irin ta gida da ta abokai. Hernández ne ya gada daga mahaifinsa, Cascante kuwa daga wajen mahaifiyarsa ya zo.

Rodrigo suna ne da ya girmi harshen Sifaniyanci kansa. Bisigot ne suka shigo da shi, wato wata al'umma mai magana da harshe dangin Jamusanci wadda ta mallaki ƙasar bayan rushewar daular Rum ta yamma, ta kafa fadarta a Toledo. Kalmomi biyu aka haɗa a cikinsa, ta farko tana nufin shahara ko ɗaukaka, ta biyu kuma mulki ko iko, don haka ana iya fassara shi da “shahararren mai mulki”. Wanda ya karanta tarihin Andalus ya riga ya gamu da wannan suna ko da bai gane shi ba, domin sarkin Bisigot da Ɗariƙu bin Ziyad ya ci da yaƙi a 711, bayan ya tsallako teku daga Maroko ya sauka a dutsen da ake kira Jabalu Ɗariƙ, Rodrigo ne sunansa, kuma shi ne malaman tarihi na Larabawa suke rubutawa Luzariƙ. Bai daɗe a kan gado ba lokacin da abin ya same shi, kuma faɗuwarsa ce ta buɗe ƙofar mulkin Musulmi a wannan yanki, wanda bai ƙare ba sai da Garnaɗa ta faɗi a 1492.

Da a ce wannan sarki ne kaɗai ya ɗauki sunan, da wuya iyaye su riƙa sa wa 'ya'yansu shi, tunda ba a cika neman albarkar sunan wanda ya rasa ƙasa ba. A ganina, wanda ya fi raya shi shi ne jarumin nan Rodrigo Díaz na ƙauyen Vivar kusa da Burgos, wanda ya rasu a 1099. Sarki Alfonso na Shida ya kore shi daga Kastila, wata masarautar Kirista a Sifaniya ta wancan zamani, a 1081, sai ya tafi ya yi wa sarakunan Musulmi na Banu Hud a Zaragoza aikin soja na shekaru, daga baya kuma ya ci birnin Valencia a 1094 ya mulke shi har mutuwarsa. Laƙabin da duniya ta san shi da shi, El Cid, daga Larabci yake, daga “sayyidi” ko “sidi”, wanda mu ma muke da shi a matsayin suna. Sifaniyawa sun ɗauke shi gwarzon ƙasa, sun yi masa waƙoƙi, kuma kabarinsa yana cikin babban cocin Burgos.

Abokinka da ya kawo Rodríguez ya kusa, domin sunayen biyu jini ɗaya ne. A tsohuwar al'adar Kastila, idan aka liƙa wa sunan mutum “ez” a ƙarshe, ana nufin ɗansa ke nan, kamar yadda muke cewa ɗan wane, ko Larabawa su ce ibnu wane. Rodríguez ɗan Rodrigo ne, González ɗan Gonzalo, Martínez ɗan Martín, Sánchez ɗan Sancho, kuma El Cid da kansa an kira shi Díaz ne saboda Diego ne sunan mahaifinsa. A wancan zamani sunan yana sauyawa daga uba zuwa ɗa, daidai da yadda Musa ɗan Garba yake zama Musa Garba, ɗansa kuma ya zama Sani Musa. Sannu a hankali sai ya daskare ya zama sunan zuriya, ta yadda a yau mutum yana iya zama Rodríguez alhali rabon gidansu da wani Rodrigo an yi ɗaruruwan shekaru.

Haka Hernández yake: ɗan Hernando. Hernando kuwa wani furuci ne na Fernando, shi ma sunan Bisigot ne, wanda rabinsa na biyu yake nufin jarumi ko mai ƙarfin zuciya, rabin farko kuma masana sun rabu a kansa, wasu sun ce salama yake nufi, wasu sun ce tafiya. Abin da ya raba Hernández da Fernández shi ne wani sauyi da ya auku a bakin mutanen Kastila, inda “f” ta farkon kalma ta koma “h”, daga baya ita ma “h” ɗin ta daina fita a baki ko da yake ana rubuta ta. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tunda wani yana cewa fuska wani yana cewa huska. Saboda haka ba a furta harafin farko na Hernández, “Ernandes” ake ji a Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, mutanen Madrid kuma suna furta “z” ta ƙarshe da harshe tsakanin haƙora. A Sifaniya García ne sunan zuriya da ya fi yawa, Rodríguez da González da Fernández suna biye da shi, amma a Meziko Hernández ne a kan gaba.

Cascante ba shi da doguwar magana: sunan wani gari ne a yankin Navarra, kusa da Tudela, wanda yake nan tun zamanin Rumawa. Irin sunan da ake danganta zuriya da garinta ne, abin da muka saba da shi a sunaye kamar Aminu Kano da Shehu Shagari.

Sai mu zo inda abokinka na biyu ya kuskure, wanda shi ne kuskuren da na fi son a gyara, domin ina ganinsa har a rubuce-rubucen labarai. Kowane Basifaniye yana ɗauke da sunan zuriya biyu: na farkon mahaifinsa, sannan na farkon mahaifiyarsa. Tsari ne da ya kafu a hukumance bayan kafa rajistar haihuwa ta gwamnati a 1870, kuma mace ba ta sauya sunanta idan ta yi aure, da sunan gidansu take rayuwa har ta koma ga Mahaliccinta. Gidan Chicharito, ɗan ƙwallon Meziko, ƙasar da ita ma take bin wannan tsari, ya nuna yadda abin yake tafiya sarai. Mahaifinsa, wanda yake cikin tawagar Meziko a gasar cin kofin duniya ta 1986, sunansa Javier Hernández Gutiérrez, kakan Chicharito na wajen uwa kuma shi ne Tomás Balcázar, wanda ya ci Faransa ƙwallo a gasar 1954. Da aka haifi yaron sai ya ɗauki Hernández daga uba, Balcázar daga uwa, ya zama Javier Hernández Balcázar, Gutiérrez kuma ya tsaya a kan mahaifin. Shi ma jikan ya ci Faransa ƙwallo a gasar 2010.

Don haka idan za a kira Basifaniye da suna ɗaya cikin girmamawa, na farkon ake ɗauka, a ce Señor Hernández. Inda ake kauce wa wannan shi ne idan sunan farkon ya yi yawa a gari har ba ya bambanta kowa, sai jama'a su riƙe na biyu. Tsohon firaministan ƙasar José Luis Rodríguez Zapatero da sunan gidan mahaifiyarsa aka san shi, haka ma mai zanen nan Pablo Ruiz Picasso. Doka ma ta sassauta: tun 1999 iyaye suna iya amincewa su sa sunan uwa a gaba, kuma daga 2017 aka daina ɗaukar na uba a matsayin wanda zai zo farko kai tsaye, sai dai sharaɗi ne 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya su bi jeri ɗaya.

Mai yiwuwa abokin naka ya auna abin ne da tsarin Fotugal da Birazil, inda aka fi sa sunan uwa a gaba, na uba ya zo a ƙarshe. A sunan Cristiano Ronaldo dos Santos Aveiro, dos Santos na mahaifiyarsa ne, Aveiro na mahaifinsa. Su kuma da “es” suke rufe irin waɗancan sunaye, shi ya sa za ka ga Rodrigues da Fernandes a rigunan 'yan wasansu, alhali maƙwabtansu suna rubuta Rodríguez da Fernández.